Ƙwan maraina da ya maƙale a ciki: yadda ake gano ciwon dajinsa ga manya da yadda ake maganinsa

Akwai mazan da suka girma, suka yi aure, wasu har da ɗiya, alhali ƙwai ɗaya ne rak a jakar marainansu. Wasu sun sani tun suna samari, suka yi shiru. Wasu kuwa iyaye ne suka lura tun suna goye, aka ce halittar Allah ce, aka bar maganar a nan. A wannan bayani na filinmu na kiwon lafiya, mun tattaro abin da ya kamata irin wannan mutum da iyalinsa su sani. Muna neman afuwar dattawa da iyaye mata, don dole za mu kira sassan jiki da sunansu.

Ga kan maganar tun da farko. Ƙwan da ba a gani a jaka, a mafi yawan lokaci bai ɓace ba. Yana nan maƙale a gefen mara ko a can cikin ciki, inda hannu ba ya kai wa gare shi. Ƙwan da ya zauna a irin wannan wuri ya fi wanda ya sauko saurin kamuwa da ciwon daji, wato kansa ko sankara. Abin farin ciki shi ne, kansar maraina tana cikin waɗanda suka fi jin magani a duk duniya. Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne jinkiri, jinkirin kuma kunya ce ke kawo shi.

Yadda ƙwan ke saukowa, da yadda yake maƙalewa

Lokacin da ɗa namiji ke cikin mahaifiyarsa, ƴaƴan marainansa ba a jaka suke fara zama ba. A cikin cikinsa ake halittarsu, kusa da ƙoda. Sannu a hankali suke gangarowa, har su bi ta wata ƴar hanya da ke gefen mara, daidai inda cinya ta haɗu da ciki, su faɗa jaka. Wannan saukowa ta ƙarshe tana faruwa ne a watannin ƙarshe na ciki, wajejen wata na 7 zuwa na 8. Shi ya sa matsalar ta fi yawa ga bakwaini.

Cikin jarirai maza 100 da aka haifa da cikakkun watanni, kusan 3 kan zo da ƙwai ɗaya ko duka biyun ba su sauko ba. Ga bakwaini kuwa, abin kan kai kusan 30 cikin 100. Da yawa suna saukowa da kansu kafin yaro ya cika wata 6. Wanda bai sauko ba bayan nan, da wuya ya sauko da kansa. A ƙarshe kusan yaro 1 cikin 100 ne ke zama da matsalar. Likitoci na kiranta kiriptorkidi, ma'ana ɓoyayyen ƙwai.

A wajen kashi 80 cikin 100 na masu matsalar, likita kan iya jin ƙwan da hannu, galibi a gefen mara. Sauran kashi 20 ba a jin komai: ko dai ƙwan yana can cikin ciki, ko kuma ya shanye tun kafin haihuwa. Ba a iya bambance waɗannan biyun da ido ko da hannu, sai da bincike. Don haka babu wanda ya isa ya yanke wa kansa hukunci cewa shi da ƙwai ɗaya aka halicce shi.

Kada a haɗa wannan da ƙwan da kan haye sama idan yaro ya ji sanyi ko tsoro, ya dawo idan ya ji ɗumi. Wannan daban ne, sai dai shi ma a riƙa dubawa har yaron ya balaga.

Me ya haɗa shi da ciwon daji?

Zafin cikin jikin mutum yana wajen digiri 37. Jakar maraina kuwa ta fi shi sanyi da digiri 2 zuwa 3, kuma wannan sanyin ne ƙwan ke buƙata don ya yi maniyyi mai kyau. Ƙwan da ya shekara 20 ko 30 cikin zafi yakan ƙanƙance, ƙwayoyin da ke yin maniyyi su lalace. Daga irin waɗannan ƙwayoyi ne kansar ke tasowa. Masana na ganin ba zafin kaɗai ne sanadi ba, sau da yawa ƙwan da ya kasa saukowa dama tun a ciki ginin nasa bai cika ba. Shi ya sa ko ɗayan ƙwan da ya sauko lafiya, haɗarinsa ya ɗan ɗara na sauran maza.

An yi wani babban bincike a ƙasar Suwidin, wanda aka wallafa a 2007. An bi diddigin maza kusan 17,000 da aka yi wa aikin sauko da ƙwai. Waɗanda aka yi wa aikin kafin su cika shekara 13, haɗarin kansa a gare su ya ninka na sauran maza kusan sau 2. Waɗanda aka yi wa daga shekara 13 zuwa sama, ya ninka fiye da sau 5. Cikin wannan adadi duka, mutum 56 ne suka kamu. Darasi biyu ke nan: jinkiri yana ƙara haɗari, amma mafi yawan masu ƙwan da bai sauko ba, ba za su taɓa samun kansa ba. Ba muna wannan bayani ba ne don mu tsorata kowa.

Ƙwan da ke can cikin ciki ya fi na gefen mara haɗari. Shekarun da ciwon ya fi bayyana su ne daga 15 zuwa 45, daidai lokacin da mutum ke noma, yana fatauci, yana ɗauke da gida. Kansar maraina ta fi yawa a arewacin Turai, kamar Danmak da Norwe, kuma ba ta da yawa ga baƙar fata. Amma a ƙasashe irin namu, inda yara da yawa ke girma ba a yi musu aikin sauko da ƙwai ba, ana ganin manya suna zuwa asibiti da ƙari a ciki, sai daga baya a gane daga ɓoyayyen ƙwai ya taso.

Kansar iri biyu ce babba. Akwai wadda ake kira seminom, tana girma a hankali, ta fi kama masu shekara 30 zuwa 45, kuma ita ce aka fi samu a ƙwan da ba a taɓa sauko da shi ba. Akwai kuma sauran ire-iren da ake haɗawa a ce waɗanda ba seminom ba. Su sun fi kama masu ƙarancin shekaru, sun kuma fi saurin yaɗuwa.

Alamomin da za a lura da su

Mai ƙwai a jaka, idan ƙari ya fito, zai ji wani abu mai tauri da hannunsa. Mai ɓoyayyen ƙwai ba ya da wannan gata. Ƙarin kan girma watanni ba a sani ba, wani lokaci sai ya kai girman lemu ko ya wuce kafin mutum ya farga. Ga abubuwan da ya kamata su tayar da hankali ga duk namijin da gefe ɗaya na jakarsa babu komai:

Kumburi ko dunƙule mai tauri a gefen mara, wanda ba ya komawa idan an kwanta. Da yawa kan ɗauka ƙaba ce ko kaluluwa.

Nauyi ko ciwo a mara da ya ƙi tafiya, ko ciki ya riƙa girma ta gefe ɗaya.

Yawan fitsari, ko wahalar bayan gida, don ƙarin yana danne mafitsara ko hanji.

Ciwon baya mai naci. Kansar maraina kan fara yaɗuwa ne zuwa ga wasu ƴan ƙulluttai da ke bayan ciki, kusa da ƙoda, irin waɗanda idan sun kumbura a hammata ko gefen mara muke cewa kaluluwa.

Tari da ya daɗe, sarƙewar numfashi ko jini a majina, idan ciwon ya kai huhu. A nan ana iya ɗauka tarin fuka ne.

Nono ya kumbura ko ya riƙa zafi ga namiji, rama babu dalili, kumburin ƙafa ɗaya, ko dunƙule a gindin wuya, musamman ta hagu.

Akwai kuma alama ɗaya ta gaggawa. Ɓoyayyen ƙwai yakan murɗe a kan jijiyarsa, jini ya daina kai masa. Mutum zai ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a mara ko gefenta, har da amai. Idan ta dama ne, ana iya ɗauka afandis ne. Wannan ba ya jiran gari ya waye, a tafi asibiti nan take. Ga babba, murɗewar ɓoyayyen ƙwai sau da yawa tana zuwa ne tare da ƙari.

Magana ɗaya da za a gaya wa likita

A ɗauka magidanci ya je CSI da ciwon mara. Majo ya tambaye shi, ya danna cikinsa, ya rubuta masa maganin tsutsar ciki ko na sanyi. Mutumin bai kwance wando ba, bai kuma ce komai ba. Bayan wata biyu ya koma, aka sake wani magani. Daga nan sai wajen mai sassaƙe, sai a ce sammu ne. Haka wata shida ke wucewa. Da a ce tun ranar farko ya ce: «Likita, ni fa ƙwai ɗaya gare ni tun haihuwa», da hankalin ma'aikacin ya tafi wani wuri daban. Wannan magana ɗaya ta fi kowane gwaji arha, kuma ita ce mabuɗin sauran binciken. In an taɓa yi wa mutum aiki a gefen mara yana yaro, shi ma a faɗa.

Ga ma'aikatan lafiya da ke karanta mu, mun san aiki ya yi yawa, amma namijin da ya zo da dunƙule a ciki ko gefen mara, a duba jakarsa. Minti ɗaya ne.

Gwaje-gwajen da ake yi

Na farko shi ne duban hannu: jaka, gefen mara, ciki, wuya da ƙirji.

Na biyu ekogarafi, hoton nan da ake yi wa mata masu ciki. Yana nuna ƙwan gefen mara da kyau, yana nuna ƙari idan ya girma, ana kuma duba ɗayan ƙwan da shi. Amma a sani: ƙaramin ƙwan da ke can cikin ciki, ekogarafi yakan kasa ganinsa. Idan takarda ta ce ba a ga ƙwai ba, ba ta ce babu shi ba.

Na uku sikana, wadda ke nuna ciki, mara da ƙirji dalla-dalla. Da ita ake sanin girman ƙarin da ko ya yaɗu. Inda babu sikana, akan fara da hoton ƙirji na radiyo.

Na huɗu gwajin jini guda uku, waɗanda za ku gani a rubuce AFP, HCG da LDH. Wasu sinadarai ne da ƙarin ke zubawa a jini. Seminom zalla ba ta ɗaga AFP, don haka idan AFP ya hau, likita ya san akwai wani iri a ciki, kuma maganin zai canza. HCG kuwa shi ne sinadarin da ake gane mace ta yi ciki da shi, har ma namiji mai irin wannan ƙari fitsarinsa kan iya nuna alamar ciki a gwajin mata. Kada wannan ya sa wani ya gwada a gida ya ce ya tsira, don masu kansar da yawa gwajinsu ba ya nuna komai. Ana ɗibar jinin kafin aiki, a sake bayan aiki. Idan an cire ciwon duka, HCG kan ragu da rabi cikin kwana 1 zuwa 3, AFP kuma cikin kwana 5 zuwa 7. In sun ƙi sauka, akwai saura a jiki.

Na biyar, idan hotuna ba su nuna inda ƙwan yake ba, akwai aikin leƙa ciki da ƴar kyamara ta ƙaramin huji kusa da cibiya, wanda ake kira seliyoskopi. Shi ne ya fi kowane bincike tabbatar da ko ƙwan yana nan.

Hukuncin ƙarshe yana hannun ɗakin binciken nama, wanda ma'aikata ke kira anapat. A can ake yanka abin da aka ciro, a duba da madubin likita, a faɗi sunan kansar. Muna jaddada wannan: duk wanda aka cire wa ƙwai ko ƙari, ya tabbatar an aika da shi anapat, ya kuma koma karɓar sakamako. Kada a ɗauka a binne don an ga mutum ya miƙe. Ba tare da wannan takarda ba, likitan kansa zai yi aiki ne cikin duhu.

Daga waɗannan gwaje-gwaje ake sanya ciwon a mataki. Mataki na 1, yana cikin ƙwan kaɗai. Mataki na 2, ya kai ƙulluttan bayan ciki. Mataki na 3, ya wuce nan, kamar zuwa huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Magani na farko: aiki

Tushen magani shi ne a cire ƙwan duka tare da jijiyarsa. Idan yana gefen mara, ta nan ake tsagawa. Idan yana cikin ciki, ana buɗe ciki, ko a yi da kyamara in ƙarin ƙarami ne. Ba a tsaga jaka, ba a kuma soka wa dunƙulen gefen mara allura ko aska don a ga abin da ke ciki, saboda hakan kan buɗe wa ciwon sabuwar hanyar yaɗuwa. Wannan gargaɗi ne ga masu kai irin wannan kumburi wajen wanzami a yi tsaga ko ƙaho.

Wani lokaci ƙarin cikin ciki ya yi girma, ya manne da mafitsara, hanji ko manyan jijiyoyin jini. A nan likitoci kan ɗauki ɗan yanki don a tabbatar da irinsa, su fara da shimiyo har ya ƙanƙance, sannan a yi aikin. Idan an ce muku ba za a yi aiki yanzu ba, ba yana nufin an fid da rai ba ne.

Magani na biyu: shimiyo

Shimiyo shi ne maganin kansa da ake ɗaurawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Ga seminom ta mataki na 1, bayan aiki akan zaɓi ɗaya cikin biyu: ko a sa ido da gwaje-gwaje a kai a kai, ko a ba da maganin karboplatin sau ɗaya ko biyu. Cikin waɗanda aka sa wa ido kawai, kusan 15 zuwa 20 cikin 100 ciwon kan dawo musu, amma idan an kama shi da wuri yana warkewa. Don haka wannan zaɓi ya dace ne da wanda zai iya zuwa duk ranar da aka ba shi. Wanda ke zaune nesa da asibiti, ko mai tafiya ci-rani, ya gaya wa likita gaskiyar halinsa kafin a yanke shawara.

Idan ciwon ya yaɗu, ana haɗa magani uku da ake taƙaitawa BEP: bileyomisin, etoposid da sisplatin. Kowane zagaye kwana 21 ne. A kwana 5 na farko ana ɗaura sisplatin da etoposid kullum, bileyomisin kuma sau ɗaya a mako. Ana yin zagaye 3 ko 4, gwargwadon nisan ciwon da abin da gwajin jini ya nuna. Wato mako 9 zuwa 12 ke nan. Idan an gama aka ga sauran dunƙule a bayan ciki, ana iya sake aiki a cire shi, musamman ga ire-iren da ba seminom ba.

Maganin yana da wahala, ba za mu ɓoye ba. Akwai tashin zuciya, kasala da zubewar gashi, amma gashin yana dawowa. Sisplatin yana taɓa ƙoda, ji da jijiyoyin yatsu, shi ya sa ake haɗa shi da ruwa mai yawa, kuma a zafin watan Afrilu da Mayu dole mara lafiya ya ƙara shan ruwa. Maganar azumi a lokacin shimiyo, a tattauna da likita da malami tun kafin watan ya kama. Bileyomisin yana taɓa huhu, don haka mai shan taba ya bari. Sannan sojojin jini suna raguwa: zazzaɓi a tsakiyar shimiyo ba abin da za a ce masassarar cizon sauro ce a sayi ƙwaya a bakin hanya ba. A koma asibiti a ranar.

Babban kuskure shi ne tsayar da magani a tsakiya. Bayan zagaye na farko ko na biyu ƙarin kan narke, mutum ya ji sauƙi, kuɗi kuma sun yi ƙasa, sai ya koma gida. Ciwon da ya dawo bayan an yanke magani ya fi na farko taurin kai. Tun kafin a fara, dangi su zauna su tambayi likita zagaye nawa za a yi, su yi lissafin magani, masauki da abinci har ƙarshe.

Magani na uku: gashi da na'ura

Shi ne radiyoterapi. Seminom tana jin wannan magani sosai, kuma ana amfani da shi a wasu lokuta idan ƙulluttan bayan ciki ba su yi girma ba. Ga sauran ire-iren ba shi ne zaɓi ba.

Shin ana warkewa?

Ana warkewa. Kafin shekarun 1970, wanda kansar marainansa ta yaɗu, kusan mutum 1 cikin 10 ne ke tsira. A 1974 wani likita a jami'ar Indiyana ta Amurka, Lawrence Einhorn, ya fara haɗa sisplatin da wasu magunguna, abin ya juye. Yau kusan 8 cikin 10 na waɗanda ciwonsu ya yaɗu suna warkewa idan sun samu cikakken magani. A ƙasashen da ake kama shi da wuri, fiye da 95 cikin 100 na masu kansar maraina suna raye bayan shekara 5, a mataki na 1 kuwa kusan duka.

Masu son ƙwallo sun san Sebastien Haller na Kodebuwa. A watan Yulin 2022, jim kaɗan bayan ya koma Borussia Dortmund, aka gano yana da kansar maraina. An yi masa aiki da shimiyo, ya dawo fili a watan Janairun 2023. Ranar 11 ga Fabrairun 2024, shi ne ya ci ƙwallon da ta ba ƙasarsa kofin Afirka a kan Najeriya, 2 da 1, a Abijan.

Bayan an gama magani ana ci gaba da bibiya aƙalla shekara 5, da gwajin jini da hotuna. Idan ciwon zai dawo, ya fi dawowa a shekara 2 zuwa 3 na farko. A adana duk takardu wuri ɗaya. Kuma sau ɗaya a wata, lokacin wanka, mutum ya lalubi ƙwan da ya rage, in ya ji tauri ko canjin girma ya je a duba.

Aure da haihuwa

Wannan ita ce tambayar da ke hana mutane barci, kuma ita ce ke sa wasu su gudu daga asibiti. Ƙwai ɗaya lafiyayye ya isa ya riƙe mazakuta, ya isa haihuwa. Dama ɓoyayyen ƙwan da ya kai shekarun girma a ciki, da wuya yana yin maniyyi mai amfani, don haka cire shi ba ya rage wani abin kirki. Shimiyo kan rage maniyyi, amma ga mutane da yawa yana farfaɗowa cikin shekara 1 zuwa 2 ko fiye. Ana son a guji ɗaukar ciki lokacin magani da aƙalla wata 6 bayansa. Wanda bai haihu ba, ya tayar da maganar gwajin maniyyi kafin a fara.

Wanda duka biyun ba su sauko ba, lamarinsa daban ne. Haihuwa takan yi masa wuya tun asali, kuma idan aka cire duka biyun, zai buƙaci allurar sinadarin mazakuta, testosteron, har tsawon rai. Da ita zai riƙe ƙarfinsa, sha'awarsa da lafiyar ƙashinsa. Muna kuma tunatarwa, idan gida ya daɗe babu haihuwa, kafin a ɗora wa mace laifi, mijin ma a duba shi. Ana gano ɓoyayyen ƙwai ta wannan hanya.

Kansa ba ta yaɗuwa ta kwanciyar aure, ko cin abinci a kwano ɗaya. Uwargida ba ta da abin tsoro, kuma sau da yawa ita ce ke fara lura, ita ce kuma za ta iya lallashin maigida ya je asibiti.

Babban da ba ya jin ciwon komai fa?

Shi ma ya je ya ga likitan mafitsara, wato irologi, ko likitan fiɗa. Idan ya riga ya balaga, ɗayan ƙwan kuma lafiya lau, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a cire ɓoyayyen tun bai zama matsala ba. Idan shi kaɗai ne gare shi, ko duka biyun ne a ɓoye, ana iya ƙoƙarin sauko da shi jaka don a riƙe sinadarin mazakuta, a kuma samu damar lalubarsa. Sauko da ƙwai a wannan shekaru ba ya kawar da haɗarin kansa, sai dai ya sa a gane ta da wuri. Ga dattijon da ya haura shekara 50, likita kan auna haɗarin aikin da na ciwon kafin ya ba da shawara. Babu wani sassaƙe, turare ko allura da ke sauko da ƙwan babban mutum.

Ina za a nufa?

A fara da CSI ko asibitin gunduma, a nemi takardar turawa gaba. Akwai likitocin fiɗa a asibitocin jiha na Maraɗi da Tawa, da asibitin ƙasa na Damagaram, da babban asibitin Maraɗi na referans, da asibitin Galmi. A Yamai akwai asibitin ƙasa, da na Lamorde mai suna Amiru Bubakar Diallo, da babban asibitin referans. Cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, CNLC, ita ma tana Yamai, kuma a 2021 aka buɗe sashenta na gashi da na'ura, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Mutanen bakin iyaka kan tsallaka Kano, Sakkwato ko Zariya. Duk inda aka zaɓa, a tafi da takardun gwaji, sakamakon anapat da hotuna, kuma a yi ƙoƙari a gama maganin a wuri ɗaya.

A tare abin tun daga goyo

Duk wannan wahala ana iya rage ta tun yaro yana hannu. Sajfam ko ungozoma ta duba jakar jariri ranar haihuwa. Uwa ta duba lokacin wanka da ruwan ɗumi. A sake dubawa ranar awo da rigakafi, da kuma ranar kaciya, ko a asibiti aka yi ko wajen wanzami. Idan yaro ya cika wata 6 ƙwai bai sauko ba, a kai shi. Lokacin da ya fi dacewa da aiki shi ne daga wata 6 zuwa wata 18, kuma aiki ne da yara ke warkewa daga shi cikin ƴan kwanaki. Jaririn da ba a ji ƙwai ko ɗaya a jakarsa ba, a kai shi asibiti a kwanakin farko, kada a jira suna. Tun 2006 ƙasarmu ta ɗauki manufar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a cibiyoyin gwamnati, don haka kai yaro a duba shi bai kamata ya gagara ba.

Iyayen da aka yi wa ɗansu wannan aiki, su gaya masa idan ya girma, su ba shi takardunsa. Wanda kuma ya karanta wannan bayani ya san da shi ake, ko da ƙanensa, ko da mijinta, to, kada a bari sai ciki ya kumbura. A je a wannan makon, a gaya wa likita gefe ɗaya babu komai. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu lafiya lafiya.